Daga Legas Zuwa Arewa: Idan Mota Ta Tsaya Maka Da Iyali A Hanya

Duk mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ya san yadda gida ke kira idan Sallah ta gabato ko an ba yara hutu. A cika but da tsaraba, uwargida ta soya kaji tun dare, a loda yara a baya, a kama hanyar Kano mai kusan kilomita 1,000. Mota kuwa ba ta da alƙawari, ko jiya aka sayo ta tana iya tsayawa. A shekarun da na yi ina bin wannan hanya na lura cewa lalacewar mota ba kasafai take cin rai ba, abin da aka yi a minti goma na farko bayan ta tsaya shi ne ke jawo asara. Don haka zo mu bi hanyar tare, zango-zango.

Tun a gida tafiya ke farawa. Duba gefen kowace taya, za ka ga lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. Ka sa mai faci ya gwada iskar sifiya, ka tabbata jak da sifanar taya suna aiki, ka duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki. Ka ɗauki alamar gargaɗi mai kusurwa uku, tukunyar kashe gobara, tocila, galan na ruwa da akwatin taimakon farko. Lambobi biyu kuma su shiga wayarka da ta uwargida: 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 112 ta agajin gaggawa. Kiran kyauta ne.

Da ka bar Berger ka wuce kasuwar Kara, inda 'yan uwanmu ke sayar da shanu da raguna, sai doguwar gada. Motoci a nan gudu suke kamar an koro su, wurin raɓewa kuma kaɗan ne. Idan mota ta fara shaƙewa, kunna fitilun gargaɗi nan take, ka lallaɓa zuwa dama iyakar iyawa, ka ja birkin hannu. Kafin ka taɓa bonet, fitar da mutane. Kowa ya fita ta ƙofar dama, ɓangaren da ba motoci, su tsaya nesa da kwalta, babba ya riƙe hannun ƙarami. Kada kowa ya tsaya a gaban motar ko a bayanta, domin idan wata ta buge ta, su za ta murƙushe. Daga nan ka kai alamar gargaɗi baya kamar taku hamsin, idan a kwana ne ka ajiye ta kafin kwanar. Idan faci ne kawai a kan gada ko wurin da hankalinka bai kwanta ba, ci gaba da tafiya a hankali har inda akwai jama'a. Taya da wili ana sayen wasu.

A Ogere, kafin Ibadan, tireloli da tankoki sukan yi layi gefe da gefe, cunkoso ya haɗu, rana ta take. Nan ne allurar zafin inji ke hawa. Idan ka ga ta doshi ja, ko tururi na fita ta bonet, kashe na'urar sanyaya mota, ka fita gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na ruwan da ke tafasa a tukunya, da an sassauta murfin sai ya yi tsiri ya wanke fuska da ƙirji. Jira aƙalla rabin awa, ka sa tsumma mai kauri ka murɗa kaɗan iska ta fita, sannan ka ƙara ruwa a hankali. Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da manja ba magani ba ne, ƙara ɓata ciwon suke.

Bayan ka ratsa Ibadan ta Ojoo ka wuce Oyo, za ka shiga hanyar Ogbomosho, wadda aka shafe shekaru ana aikin mayar da ita tagwaye. Manyan motoci sun ci gefen kwaltar, ga ramuka masu kaifin baki. Idan taya ta fashe kana cikin gudu, ƙafa za ta so ta danne birki, kuma wannan ne ke sa mota ta ƙwace ta yi ƙundumbala. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka saki totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu da kanta, sai ta lafa sannan ka taɓa birki. Wajen canjin taya, nemi ƙasa mai tauri wadda ba gangara, ka sa giya, ka tokare wata tayar da dutse. Sassauta notuna tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada a bar yara a ciki suna tsalle.

A Ilori ka sha mai, ka cika galan ɗin ruwa, ka dubi rana. Daga Oko-Olowo zuwa Jebba garuruwa suna da tazara, ga daji hagu da dama. A nan na taɓa koyon darasi. Mun makara da tashi daga Legas, na ƙi kwana a Ilori duk da uwargida ta ce, “Maigida, mu haƙura sai da safe.” Mun wuce Bode Sa'adu kaɗan, gab da magariba, fitilar batir ta kama, allurar zafi ta fara hawa. Fanbel ne ya tsinke. A motoci da yawa shi ke juya abin da ke cajin batir da famfon ruwa, don haka idan alamun biyu suka zo tare, tsayawa ya zama dole, in ba haka ba inji ya ƙone. Muka fitar da yara muka zaunar da su a bayan wata bishiya, ga sauro, ga waya saura kaɗan ta mutu. Wani direban tirela, dattijo, shi ya tsaya can baya da fitilunsa a kunne, ya tura yaron motarsa gari a kan babur ya zo da bakanike. Da zai tafi ya ce da ni, “Alhaji, mai iyali ba ya ba dare amana.” Tun daga ranar nake tashi da asuba, inda la'asar ta same ni nake fara neman masauki.

Ba kowane mai tsayawa ne irin wannan dattijo ba. Da mota ta tsaya, sanar da wani ɗan'uwa inda kake, ka faɗi garin da ka wuce na ƙarshe. Idan baƙo ya zo da tayin janwe ko gyara, ku yi ciniki kafin ya taɓa motar, kuma kada ka bi shi ka bar iyali su kaɗai. Da rana kuma kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti kaɗan, jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Idan kun zuba ganye a titi don gargaɗi kamar yadda aka saba, ku kwashe shi tare da duwatsun tokara kafin ku tafi, kada su zame wa mai babur ajali.

Jebba gari ne mai daɗin gani: Kogin Kwara a shimfiɗe, gada, duwatsu, masu tallar kifi, ga hasumiyar tunawa da Mungo Park. Da ka haye ka shiga Jihar Neja, Arewa ta fara ƙamshi. A gangaren irin wannan wuri mota mai kaya tana bukatar ƙaramar giya, domin dogon danna birki yana sa ya yi zafi ya daina kamawa. Idan ya ƙi, rage giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu sannu-sannu, kada ka kashe inji domin sitiyari zai yi tauri. Da damina kuwa ruwa ne abin tsoro. A 2017 ruwan sama ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, a watan Mayun 2025 kuma ambaliya ta ci rayuka sama da 150 a Mokwa. Idan ka ga ruwa na gudu a kan titi, tsaya ka jira, ba ka san abin da ya rage na kwalta a ƙarƙashinsa ba.

Daga Mokwa hanya ta rabu. Wanda ya bi Bida da Lapai da Lambata zai ɓullo mahaɗar Dikko kusa da Suleja, inda a ranar 18 ga Janairun 2025 wata tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta hallaka sama da mutum 80. Wata uku kafin nan irin haka ta faru a Majiya ta Jihar Jigawa. Idan ka ga tanka ta faɗi, ko ka ji warin fetur, yi nisa da iyalinka, kada ka tsaya kallo ko ɗaukar hoto. Idan haɗari ne na sauran motoci, ajiye taka can gaba, ka kira 122. Wanda jini ke zuba, danne ciwon da ƙyalle mai tsabta kada ka saki. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi, sai dai idan wuta ake gudu. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe ba tare da an murɗa wuyansa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Daga Dikko saura Kaduna, Zariya, sai Kano. A wannan zango gajiya ce babbar matsala, ga waya daga gida ana ta tambayar “kun zo ina?” Idan ido ya fara nauyi, tsaya a gari ka huta, ka gaya wa Hajiya gobe da hantsi za ku iso. Za ta yi ƙorafin tuwon da ya huce, amma za ta ga jikokinta. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.