Rana ta Huɗu

A bayan gidanmu a Sabon Birni kawuna ya ajiye baho biyu na roba, ya ƙyanƙyashe ƙwan tarwada a ciki. Iyayen, masunta ne suka kawo masa daga Gulbin Rima. Bayan kwana ɗaya da 'yan awoyi ƙwan ya fashe, sai ga wasu 'yan siraran abubuwa kamar zare kwance a ƙasan ruwa, kowanne ɗauke da 'yar gwaiduwa a cikinsa. Ita ce abincinsu har kwana 3. Na ƙosa in zuba musu wani abu, kawu ya riƙe hannuna. "Dakata, ɗana. Guzurinsu bai ƙare ba."

Rana ta huɗu ce ke sa zuciya dukan uku-uku. Guzuri ya ƙare, su kuma ba su san abinci ba tukuna. Kawu ya dafa ƙwai, ya murje gwaiduwar a ƙyalle, ya ɗiga kaɗan. In ya yi yawa, ruwa ya ɓaci su mutu. In ya yi kaɗan, manya su haɗiye ƙanana. Ya rufe bahon da buhu, domin tarwada duhu take so.



Da magariba na ɗaga gefen buhun, na haska tocila. Cikin wasunsu ya yi rawaya. Na kira kawu, ya leƙa ya daɗe, ya ce "Alhamdu lillahi," ya ɗauki buta.