Rigar aro da na sa wa shafin garinmu

1/ Jama'a ku zo ku ji yadda son banza ya kusa zubar min da mutunci a Lambara. Da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Hutun bara na haɗa wa ƙungiyar ɗaliban garinmu shafi da WordPress, don sanarwar tallafin karatu. Tim ɗin, wato rigar da ke ba shafi kamanninsa, na kuɗi ne. Ni kuma na sauke na sata a wani gurup. Kyauta!

3/ Bayan wata uku Kawu ya kira ni: "Kai, mi ka sa muna? Na buɗe shafinka ya kai ni wani wuri, wai in sa BVN a ba ni tallafi."
Na ce, "Kawu, kun sa?"
Ya ce, "Saura kaɗan, sabis ya ɗauke."
Wallahi sai da na zauna.

4/ Ashe XSS ne. Rigar tana karɓar duk abin da baƙo ya rubuta a fom, ta nuna shi ba tacewa. Wani ya rubuta umarnin JavaScript a gurbin suna. Wayar mai karatu ba ta bambance nawa da na ɓarawo, tunda daga shafina ya fito. Sai ta bi.

5/ Tsohuwar cuta ce. A 2005 Samy Kamkar ya yi amfani da ita a MySpace, cikin ƙasa da kwana ɗaya ta kama sama da mutum miliyan. A 2023 an samu irinta a tagDiv Composer, mai tafiya da rigar Newspaper, aka kutsa dubban shafuka.

6/ Masu rigar asali idan sun gano ɓaraka suna fitar da gyara. Ta sata ba ta samun sabuntawa. Ƙofata a buɗe take, ni ina barci.

7/ Na rufe shafin, na goge komai, na sa riga ta kyauta daga rumbun WordPress, na canza kalmomin sirri. Na shiga gurup ɗinmu na WhatsApp na faɗi gaskiya. Na sha zagi, kuma na cancanta.

8/ Abin da ya fi damuna: Kawu ba ya danna link ɗin kowa. Nawa ya danna don ya san ubana. In kana riƙe da shafin mutanenku, je ka duba yaushe rabon da ka sabunta shi. Yau, ba gobe ba.