Yaron da aka damƙa wa ƙwallo

Ɗan yayata ya gama shekarar karatu da maki 8 cikin 20. Tun ranar da aka karɓo takardar sakamako ya daina ɗaga kai, ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. A makaranta Faransanci ake yi, shi kuwa Hausa a gida, Fulatanci a titi, kamar yawancin yaranmu na Garwa. In ya buɗe baki a aji aka yi masa dariya, sai ya ƙara shigewa cikin rigarsa.

Uwarsa ta so a tura shi darasin hutu. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar min shi wata guda."

Mu nan ba mu saba da sansanin hutu irin na Amurka ba, inda yara ke barin gida su kwana a daji makonni. Abin da muke da shi gasar ƙwallon hutu ce ta unguwanni, a Yuli da Agusta, cikin damina. Can na kai shi. Bai iya ƙwallo sosai ba. Amma mai horar da su ya lura ba ya makara, sai ya ba shi ajiyar ƙwallo da riguna. Shi ke ƙirga su, shi ke bi gida-gida yana tada 'yan wasa.

Wallahi amanar nan ce ta tashe shi. An yi ta lallashinsa a gida, bai motsa ba. Da ya ga in bai zo ba wasa ba zai yiwu ba, sai muryarsa ta dawo. Duk yaron da ke filin burinsa ya zama Vincent Aboubakar, wanda ya tashi daga ƙungiyar Coton Sport ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ɗauki kofin Afirka a 2017. Nawa dai ba babban filin wasa na Roumdé Adjia ya nufa ba, kuma ban damu ba.

Abin da ke ci min rai 'yan mata ne. Ƙanwarsa ta ƙare hutun tsakanin wanke-wanke da talla, babu wanda ya shirya musu komai.

Da aka koma makaranta a Satumba, lissafi na nan yana ba shi wuya. Amma a mako na biyu ya dawo gida ya ce, "Kawu, yau na ɗaga hannu. Ban faɗi daidai ba, gobe zan sake."