Gyallesu da Tarihin Bayan Ganuwa

Mafi yawan abin da aka rubuta game da Zazzau a cikin ganuwa yake tsayawa. Ana ba da labarin Sarauniya Amina, da zuwan Malam Musa bayan jihadin da aka fara a 1804, da gidajen sarauta huɗu na Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Littafin M. G. Smith na 1960 ma kan sarauta ya fi mayar da hankali. Ni kuwa a bayan ganuwar aka haife ni, a Gyallesu, kuma tun da na shiga harkar bincike nake neman gurbin unguwarmu a cikin wannan tarihi.

Ba a fahimtar farkon Gyallesu sai an koma ga Tudun Wada. Turawa sun mamaye Zariya a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Daga nan mahukuntan mulkin mallaka suka rarraba mazauni: birni ya zauna a hannun Zagezagi, Sabon Gari ya karɓi mafi yawan baƙin Kudu, Tudun Wada kuwa ya zama masaukin ’yan Arewa waɗanda ba ’yan garin ba. Sannu a hankali aikin boko ya biyo baya. An kafa kamfanin Gaskiya a 1945. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawu a Kongo, wadda ta zama sashen Jami’ar Ahmadu Bello a 1962, shekarar da aka kafa Babbar Kwalejin Horar da Malamai, wadda daga baya ta zama FCE. A inuwar waɗannan makarantu Gyallesu ta bunƙasa.

Kakana tela ne daga ƙasar Katsina. Ya kan ce kekensa kaɗai ya zo da shi, sai buzun salla. Ya yi wa akawuna da ɗalibai ɗinki har ya sayi fili, ya ja ɗaki biyu da zaure, daga baya ya ƙara na haya. Maƙwabtansa sun haɗa da Banufe direba da Babarbare malamin allo. Kowannensu baƙo ne, kuma kowanne ya wayi gari yana saukar da wasu baƙin. Irin wannan labari ba ya shiga rahoton Razdan, domin rahoton ƙidayar masu biyan haraji ce ta dame shi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, masu riƙe da labarin suna ƙarewa. Duk dattijon da aka kai makwanci ya tafi da sanin wanda ya fara haƙa rijiya, da inda iyakar gona take kafin a yanka filaye. Rashin wannan sani yana fitowa fili ranar rabon gado, da ranar da jikan baƙo ya je neman takardar shaidar asalin gari aka tambaye shi daga ina kakansa ya zo.

Saboda haka nake zama a zaurukan unguwa da rikoda, ina ɗaukar hirar tsofaffi, maza da mata, ina kuma ɗaukar hoton tsofaffin takardun cinikin fili, har da na ajami. Fatana ɗaliban tarihi su raba unguwannin Tudun Wada a tsakaninsu, su yi haka tun da sauran masu ba da labari.