Fitilar Keke a Tsakiyar Damina

Keken da mahaifinsa ya aiko masa daga Damagaram tsoho ne, irin mai dinamo a jikin ƙafar baya. Ɗalibin yana zaune a cikin birnin Yamai, karatunsa kuwa yana Harobanda, don haka sau da yawa sai bayan isha'i yake ratsa gadar Kennedy ya koma gida. Duk tsawon rani fitilar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Daren da ta mutu yana tsakiyar gada, ruwa na zuba, babura na wucewa, ba wanda ya gan shi sai da madubin wani ya goge masa gwiwar hannu. Sauka ya yi ya tura keken har gida, jikinsa na ɓari.

Washegari ya murɗe wayar a inda ta haɗu da fitila, ya naɗe ta da sikoc kamar mai ɗaurin karaya. Mako biyu ta yi ta sake mutuwa.

Dattijon da ke gyaran keke a bakin hanya ya warware naɗin, sai ga ruwa kwance a ciki, zaren tagullar ya zama kore. Ya ce: "Ɗana, ai tulu ka gina wa ruwa." Zafin rana ya saki dankon sikoc ɗin, ruwa ya sami ƙofar shiga, ya rasa ta fita. Kuma ba a bakin mahaɗa yake tsayawa ba: yana bin tsakanin siraran zaruruwan ya shige ƙarƙashin roba, yadda kananzir ke hawa lagwani. Ɗalibin ya yi murmushi, don kalmar fitila ma daga Larabci ta zo, kuma lagwani take nufi a can. Dinamo irin wannan bolt 6 da wat 3 kaɗai yake bayarwa, ƴar tsatsa ta ishe ta tare wutar.

Tsohon ya yanke wayar har inda tagulla ke ƙyalli, ya matse ta da kyau, ya shafe mahaɗar da basilin. Sannan ya yanko tsohuwar robar cikin taya ya yi mata hula, sama a rufe, ƙasa a buɗe. Abin da ya fi burge ɗalibin shi ne lanƙwasar da ya bar wa wayar: ta sauko ƙasa da mahaɗa kafin ta hau ta shiga, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi daga gindin lanƙwasar.

"Baba, waya ɗaya ce, ta ina wutar take komawa?"

"Ta jikin ƙarfen keken, ɗana." Ya kwance ƙusar da ke riƙe da dinamo, ya kankare tsatsar wurin, ya shafa mai, ya mayar. Rabin cutar a nan take, inda ɗalibin bai taɓa dubawa ba.

Fitilar ta kai ƙarshen damina. Abu guda ya rage wanda basilin ba ya magani: in taya ta jiƙe, kan dinamo yakan zame a jikinta, haske ya yi ta ƙiftawa. A irin wannan dare yakan ɗaura tocilan a kan sitiyari, ya bi gefen gada a hankali.