Adashen Littafi

Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ta 'yan jarida ya ce mu rubuto sunayen littattafai biyar da muke ba 'yan makaranta shawara su karanta a hutun nan. Mun zauna za mu rubuta, sai gardama ta tashi, domin kusan kowane littafi da muka ambata akwai rigimar da aka yi a kansa. Shi ya sa muka roƙi a bar mu mu ba da labarin tun daga farko, mai son sunayen littattafan ya tsince su a ciki.

Mu goma sha ɗaya ne, maza bakwai, mata huɗu, duk 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun da muka shigo makarantar nan ba mu taɓa ganin laburare a buɗe ba. Ta taga muke leƙawa, mu hango littattafai jere a kan kanta, ƙura ta rufe su. An ce malamin da ke riƙe da mukullin an yi masa canjin wurin aiki. A zangon farko wata daga cikinmu ta ce tun da iyayenmu mata suna adashi su sayi kwanuka da zannuwa, me zai hana mu yi namu mu sayi littafi? Da farko dariya muka yi mata, daga baya muka ga maganar ta zauna.

Ga yadda muka tsara. Duk ranar Juma'a kowa zai kawo naira 100 daga kuɗin tararsa, a zuba a wani gwangwanin madara da Malamar Hausa ke ajiye mana. Wanda kwasa ta zo kansa shi zai zaɓi littafin da za a saya, kuma ba mai ikon hana shi. In kuɗin bai kai ba sai a jira wani mako. Littafin na kowa ne, a kwali ɗaya muke tara su. Kwana uku mutum zai yi da shi ya dawo. Ba a naɗe shafi, ba a karatu ana cin abinci. Wannan doka ta ƙarshe mun kafa ta ne bayan da manja ya ɓata mana shafi biyu.

Littafin da muka fara saya shi ne Magana Jari Ce na ɗaya, na Abubakar Imam. Sai da muka haɗa kuɗin mako biyu. Wanda bai karanta ba, labarin wani aku ne da ke ta ba ɗan sarki, Musa, labarai don ya hana shi fita daga gida ya bi ubansa wurin yaƙi, alhali waziri na shirya masa makirci. Labari na ƙarewa, aku ya jawo wani. Ɗayanmu ya ce ya kai shi gida, da daddare yana karanta wa ƙannensa, sai ya ji babansa daga tabarma yana ƙarasa labarin tun kafin ya juya shafi. Ashe ya karanta shi tun yana firamare. Littafin ya fara fitowa ne a 1937, ku lissafa da kanku.

Abin da ya fi ba mu mamaki Malama ce ta gaya mana shi. Mu a zatonmu littafi a Kano ko Legas ake rubuta shi. Sai ta ce Abubakar Imam, ko da yake a Kagara aka haife shi a 1911, a Kwalejin Katsina ya yi karatu daga 1927 zuwa 1932, kuma yana koyarwa a makarantar Midil ta garin nan lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Gasa ce aka yi a 1933, wani Bature mai suna Rupert East ya shirya ta daga Zariya. A cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ganɗoki na yayansa, Malam Bello Kagara, wanda shi ma a Katsina ya koyar, akwai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma ɗalibin kwalejin ne kafin ya zama Firayim Minista. Wata Asabar mu biyar muka taka har tsohuwar kwalejin, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ginin ƙasa ne mai kauri, cikinsa da sanyi. Muka yi ta musu a kan ko a wane ɗaki Imam yake zama, kowa na nuna nasa.

A ra'ayin yawancinmu Ruwan Bagaja ya fi saurin shiga rai, saboda Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Shi da Alhaji Imam kullum cikin ramuwar gayya suke, wannan ya jefa wancan a rami, gobe a rama. Kuma bai da kauri, a yini ɗaya an gama shi. Duk wanda bai saba karatu ba, da shi muke cewa ya fara. Shaihu Umar kuwa ba na dariya ba ne. Labarin yaro ne da aka sace zamanin bauta har aka ƙetara da shi hamada, uwarsa na ta nemansa. Mutum uku a cikinmu ba su iya gama shi ba, wata ta ce sai da ta yi kuka. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa maza suka fi so, don faɗa ne daga farko har ƙarshe.

Rigimar farko a kan komik aka yi ta. Da kwasa ta zo kan golan ajinmu, sai ya je wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa ya kwaso mana Supa Strikas guda huɗu, wasu ma bangonsu ya fita. Littafin zane ne na 'yan ƙwallo, daga Afirka ta Kudu ya samo asali, jaruminsa Shakes. Matan suka ce an yi asarar kuɗinsu. Wani malami ya gan shi a hannunmu lokacin tara ya ƙwace, ya ce wannan kallon hoto ne, ba karatu ba. Sai da Malama ta je ta karɓo mana.

Muna girmama malamin, amma ga abin da muka gani da idonmu. Akwai wani a cikinmu da in aka ce ya tashi ya karanta Turanci a aji sai gumi ya karyo masa. Shi ne ya fi kowa daɗewa da komik ɗin. Yana duba hoton ya gane abin da ke faruwa, sannan ya koma kan kalmomin da ke cikin ƙwan maganar, in ta gagare shi ya tambaya. Bai zama gwani ba, kada mu yi ƙarya. Amma yanzu yana ɗaga hannu. Abin da ke damun mu shi ne mun nemi irinsa da Hausa a shagunan da muka shiga ba mu samu ba. Saboda haka wani ya fara zana Malam Zurƙe a bayan littafinsa na lissafi, ya sha bulala uku a kan haka. Zanen da kuke gani a gefen wannan rubutu nasa ne, mun sa ya sake shi a farar takarda.

Su kuma matan littafin soyayya suka so, irin wanda yayyensu ke karantawa a waya, ko irin na Bilkisu Funtuwa da iyayensu suka ajiye a ƙasan akwati. Malama ta ce a bari sai mun shiga babbar sakandare. Maimakon haka ta ara mana Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Hausarsa ta ɗan yi mana nauyi, amma mu da Jibiya ke kusa da mu ba sai an yi mana bayanin fasa-ƙwauri ba.

To, yanzu ga abin da ya sa muka ce sai mun ba da labari. Shi wanda abin ya shafa ya yarda mu rubuta, da sharaɗin ba za a sa sunansa ba.

Shi ne na takwas a kwasa. Yaro ne marar yawan magana, bai taɓa fashin zubi ba. Da muka tambaye shi me za a saya, sai ya sunkuyar da kai ya ce littafin girke-girke. Aka yi shiru, sai aka fashe da dariya. Har matan. Wani ya kira shi da wani suna da ba za mu rubuta a bangon makaranta ba. Muka ce a jefa ƙuri'a, alhali mu da bakinmu muka ce ba mai hana mutum zaɓinsa. Mutum tara suka ƙi, ɗaya ta yi shiru. Aka sayo Magana Jari Ce na biyu da kuɗin. Bai ce komai ba. Juma'ar da ta biyo bai kawo zubi ba, Litinin da Talata bai zo makaranta ba, ga Shaihu Umar a hannunsa ya kwana takwas.

Mu huɗu muka tafi gidansu bayan la'asar, kuma gaskiya da faɗa muka je. Muka yi sallama, wata 'yar ƙaramar yarinya ta ce mu shigo. Muka same shi durƙushe gaban murhu yana hura wuta, idonsa ya yi ja saboda hayaƙi, ga tukunyar tuwo duk gudaji. Ashe mamarsu ta haihu ta hanyar tiyata, tana asibiti ta kusa sati uku. Babansu direba ne, da asuba yake fita. Shi ne babba, ƙannensa uku. Maƙwabta na aiko musu da abinci wani lokaci, amma ba kullum ba. Abin da ya iya dafawa taliya ce da wake da shinkafa, har ƙaramar ta fara ƙin ci. Kunya ta hana shi yawan zuwa tambayar matan maƙwabta, sai ya ga in da littafi zai duba ba wanda ya sani.

Kafin mu buɗe baki ya miƙe ya ɗauko Shaihu Umar daga kan katanga. Ya naɗe shi a leda biyu don kada hayaƙi ya taɓa shi. Ba wanda ya iya cewa komai a cikinmu. Wadda ta yi shiru ranar ƙuri'a ita ta karɓi muciyar ta ce ya sauke tukunyar a sake. Ta nuna masa yadda ake dama gari da ruwan sanyi a yi talge tukuna, a bar shi ya dahu, sannan a riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, a rufe ya sulala. Mu maza muna tsaye kamar gumaka, don mu ma ba mu sani ba.

A Juma'ar nan kowa ya kawo 200 muka sayo littafin girke-girken. Ɗan ƙarami ne, da hoton abinci a bango. Tun da shawara aka ce mu bayar, bari mu faɗi gaskiya a kansa. Ya yi amfani wajen ɗanwake da miyar kuka da funkaso. Daga ciki muka san dalilin sa kanwa da kuka a ɗanwake, kuma in ya taso saman ruwa ya kusa dahuwa. Amma rabin girkin na masu hali ne: kaza guda, na'urar markaɗe, tanderun lantarki. Kuma daga farko har ƙarshe da uwargida yake magana, ki samu kaza, ki zuba kaza, kamar namiji ba zai taɓa buɗe shi ba. Abokinmu ya ce duk inda ya ga "ki" sai ya tuna dariyarmu.

Shi ya sa muka sayi littafin rubutu mai shafi sittin muka fara namu. Kowa ya je gida ya tambayo abu ɗaya da ake iya dafawa da abin da ke gida, a murhu ko kurfoti. Awon ma da gwangwani da ludayi muke rubutawa. Mun yarda ba "ki" ba "ka", sai dai "a samu", "a zuba". Kakar ɗayanmu da aka tambaye ta gishiri nawa ake sa wa miyar taushe, sai ta ce, "Wanga kuma wane irin karatu ne? Gishiri ai da ido ake auna shi." Haka muka rubuta, muka ƙara da cewa a fara da kaɗan a ɗanɗana. Yanzu muna da girki goma sha tara, har da dambu da kunun gyaɗa da alkaki. A duk kwalin shi ya fi saurin tsufa, kuma maza sun fi aron sa, ko da yake a cikin riga suke ɓoye shi.

An sallamo mamarsu, jaririn ma lafiya lau. Ya dawo zubi, kuma mun ba shi haƙuri a gaban Malama. Wanda ya kira shi da sunan nan ma ya ba da haƙuri, amma har yau ba sa zama benci ɗaya, mu kuma ba mu matsa ba.

Muna roƙon shugaban makaranta, don Allah a nemo mukullin laburare. Mu goma sha ɗaya mun ɗauki alkawarin share shi da kakkaɓe littattafan, ko ranar Asabar ce. Kafin nan, kwalinmu yana bakin tagar ofishin malamai duk Talata da Alhamis lokacin tara, littafi goma sha huɗu ne a ciki. Ba sai kana zubi za ka ara ba, sai dai ka rubuta sunanka da ajinka. Kuma duk wanda shafi na 14 na Ruwan Bagaja ya maƙale a jakarsa, ya taimaka ya dawo da shi, ba za mu tambayi yadda aka yi ba. 'Yan aji ɗaya biyu sun tsaya a nan suna jira.