Waƙa uku a faifai guda: abin da marubuci zai ɗauka daga Close to the Edge



A watan Satumba na 1972 wata ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Yes ta fitar da faifan garmaho mai suna Close to the Edge. Waƙa uku ce kacal a cikinsa, tsawonsu duka kusan minti 38. Ta farko ita kaɗai ta cinye fuska guda ta faifan, sama da minti 18. Kiɗan jita da ganga ne irin na Turawa, amma an gina shi babi-babi kamar littafi.

Wani zai ce me ya haɗa marubucin Hausa da wannan? Tsawo ne ya haɗa mu. Yau dogon labari ake yayi, ana sakinsa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, masu karatu kuma sun sha ƙorafin cewa labari yakan miƙe har a manta inda aka dosa. Shi ya sa mu 'yan ƙungiyarmu da ke nan Kakau muka zauna muka saurari faifan nan da kunnen marubuta, don mu ga yadda ake riƙe mutum tsawon lokaci bai gudu ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne gini. Waƙar farko ta buɗe da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa, sai jitar Steve Howe da gangar Bill Bruford suka rikice kamar kowa gabansa yake yi. Daga cikin hargitsin nan karin waƙar ya fito. An raba ta kashi huɗu, amma karin nan yana ta dawowa, kowane zuwa da sabuwar riga. A kashi na uku komai ya lafa, Rick Wakeman ya shigo da molon coci da aka naɗa a cocin St Giles da ke Landan. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Bakandamiyar Mamman Shata, duk nisan da ya yi, 'yan amshi za su dawo da kai gida. Dogon aiki yana buƙatar amshinsa.

Aibin faifan kuwa yana cikin baitocinsa. Jon Anderson ya samo tunanin waƙar daga littafin Siddhartha na Hermann Hesse, wanda ya fito a 1922, amma ya fi zaɓen kalma don daɗin sautinta fiye da ma'anarta. Har waɗanda suka fi mu Turanci a zaman sun kasa faɗin me ya faru a waƙar, kuma da wa. Ku kwatanta da waƙar Shago ta Ɗan Anace. Kafin ta ƙare ka san wane ne Shago, ka san me abokan dambensa ke tsoro. A can magana ce a gaba, kiɗa na biye.

Aibi na biyu shi ne nuna gwaninta. Minti ukun farko sun isa su kori wanda ba shi da haƙuri. Abin ya ƙara ta'azzara a faifansu na 1973, Tales from Topographic Oceans, mai waƙa huɗu da suka haura minti 80. Shi kansa Wakeman bai ji daɗinsa ba, ya bar ƙungiyar a 1974. Idan ɗan gida ya gaji, ina ga baƙo?

To ga aikin da muke ba juna shawara a kai. Ka ɗauko labarin da kake rubutawa, ka nemo abu guda da ke dawowa a cikinsa, ko bashi ne, ko alkawari, ko wani sirri da aka ɓoye. In babu, mai karatu ba shi da igiyar riƙewa. Sannan ka bi kowane babi ka faɗi abin da ya faru a cikinsa da jimla ɗaya. Babin da ya gagara faɗuwa, komai daɗin Hausarsa, ado ne kawai, a cire shi.

Wa ya gwada wannan a rubutunsa? Muna jiran ji daga gare ku. Allah ya ƙara mana basira.